Furen Da Ba Ya Jiran Malamin Makaranta

Tun shekarar 2022 mu uku, malaman wata ƙaramar sakandare a cikin zangon Kumasi, muke zuba adashi a ƙarshen kowane wata, kuma har kwanan baya, in ban da iyalanmu, babu wanda ya san dalilin tara kuɗin. Wasu sun zaci fili za mu saya, wasu suka ce ɗayanmu ne zai ƙara aure. To, tun da maganar ta riga ta fasu har ta kai teburin mai shayi, gara mu faɗa da bakinmu a wannan shafi. Ƙasar Japan muke niyyar zuwa, in Allah ya kai mu watan Afrilu, lokacin da itatuwan da suke kira sakura ke fure.

Mun san mai karatu zai yi murmushi. Mu ma da wani ne ya zo mana da wannan zance shekara 10 da suka wuce, da mun tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Dukanmu mun haura arba'in, kowa da iyali, kuma albashin malami kowa ya san iyakarsa.

Asalin abin daga wata malamar lissafi ne 'yar Japan, cikin 'yan sa-kai da hukumar JICA ke turowa Ghana tun 1977, wadda ta yi shekara 2 tana koyarwa tare da mu. Ita ce ta nuna mana wata al'ada ta malaman ƙasarsu, watau malami ɗaya ya koyar da darasi, sauran su tsaya a bayan aji suna lura da yara, sa'an nan a zauna a warware darasin zare-zare, a ga inda yaro ya gane da inda ya ɓata. Da farko mun ƙi abin, don a kwalejin horon malamai mun saba duk wanda ya tsaya a bayan aji maki ya zo ba ka. Daga baya muka ga amfaninsa, har yau kuwa muna yi. Wata rana cikin hunturu muna kan hanyar Tamale tare da ita, sai ta hango itacen gurjiya ya zubar da ganye ƙaf, ya rufe da jan fure. Ta sa direba ya tsaya, ta fita ta daɗe tana kallo. Ta ce haka sakura take yi, fure ke riga ganye fitowa, sai dai nasu fari ne da ɗan jaja-jaja. Muka ce mata mu miya ake yi da wannan. Ta yi dariya, ta ce su ma sukan jiƙa nasu da gishiri su sa a ruwan zafi ko a alawar shinkafa. Da za ta koma gida ta ce in mun isa mu zo mu ga ajinta, mu ga furen. Muka ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa baƙo a tasha. Ita kuwa ashe da gaske take, don ba ta daina tuna mana ba.

Matsala ta farko da muka ci karo da ita ta suna ce. Lokacin da furen ke fitowa masu fassara kan ce masa bazara, amma duk wanda ya san bazarar Bawku ko ta Tamale, inda ko kare ba ya fita da tsakar rana, zai ɗauki abin a baibai. Nasu lokaci ne da sanyi mai dusar ƙanƙara yake janyewa, ɗumi yana shigowa kaɗan-kaɗan, da safe mutum na rawar ɗari, da rana ya cire kwat. Ba mu da irinsa, saboda haka ba mu da sunansa.

Da muka zauna shiri, mun yi shi ne irin na malamai. Muka samo taswira, muka ja layi a takarda, muka nemi ranar da furen ke buɗewa kamar yadda ake neman ranar jarrabawa. Aka ce mana a Tokyo, bisa ga matsakaicin lissafi, 24 ga Maris yake farawa, ya cika wajen 31 ga wata. Muka rubuta, muka ja masa layi biyu, muka ɗauka an gama.

Ashe ba a gama ba. Malamin kimiyyarmu, wanda ba ya barin abu sai ya ga gindinsa, shi ya tono mana sauran labarin. Akwai wata itaciya guda a harabar wurin ibadar Yasukuni a Tokyo, wadda ma'aikatan hukumar kula da yanayi ke zuwa su duba. Ranar da suka ƙirga fure 5 ko 6 a buɗe, ranar ake shelar cewa lokaci ya kama, in kuwa kashi 80 cikin ɗari sun buɗe, an ce ya cika. Daga farawa zuwa cika mako ɗaya ne ko abin da ya yi kusa, daga cika zuwa zubewa wani makon, in ruwa da iska suka zo kuwa ko hakan ba ya kaiwa. A 2023 an yi shelar ranar 14 ga Maris. A 2024 sai 29 ga Maris. Kwana 15 ke nan tsakani, alhali dukan tafiyarmu kwana 10 ce. Wanda ya sayi tikiti a 2024 bisa abin da ya gani a 2023, busassun rassa ya je ya kalla.

Dalilin kuwa ya ba mu sha'awa, har mun kai shi aji. Yawancin itatuwan da ake zuwa kallo iri ɗaya ne, mai suna Somei Yoshino, wanda masu lambu na ƙauyen Somei, da yanzu ya shige cikin Tokyo, suka yaɗa a ƙarni na 19. Ba a shuka shi da ƙwallo, aure ake yi masa kamar mangwaro mai aure, don haka duk itatuwan tamkar rassan uwa ɗaya ne. Shi ya sa a gari guda suke buɗewa tare, su zube tare. Itacen yana bukatar sanyi mai tsanani tukuna kafin hudarsa ta farka, sa'an nan ɗumi ya buɗe ta. Har akwai wani lissafi da mutanen can ke yi, su riƙa tara ma'aunin zafi mafi girma na kowace rana tun daga 1 ga Fabrairu, in jimla ta kai digiri 600 sai su ce fure ya kusa. 'Yan ajinmu na biyu sun yi wannan tarawa a allo, sun kuwa ji daɗinta fiye da lissafin ribar ɗan kasuwa da muka saba ba su. A birnin Kyoto akwai rubutattun bayanai na ranar cikar furen da suka koma baya har shekarar 812, daga littattafan fada da na masu ibada. A 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, abin da ba a taɓa ganin saurinsa ba a cikin waɗannan shekaru 1,200 kafin nan. Duniya na ƙara ɗumi, itacen ma ya shaida.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya, wanda ya kusa raba mu.

Ƙarshen Maris a wurinmu tsakiyar aiki ne. Lokacin ne ake bitar zangon karatu na biyu, lokacin ne kuma 'yan aji uku ke rubuta jarrabawar gwaji kafin BECE. Mu ukun nan mu ne ke riƙe da lissafi da kimiyya da Turanci na wannan aji. Duk wanda ya tashi a zango ya san abin da wannan jarrabawa take nufi a gidajenmu. Yaron da ya samu sakamako mai kyau ya wuce babbar sakandare, wanda ya faɗi kuwa sau da yawa gareji ne ko tasha, yarinya kuma talla ko ɗakin miji. Iyaye da dama sai da muka bi su gida-gida kafin su bar 'ya'yansu su kai wannan aji. Yaya za mu dubi idonsu mu ce mun tafi kallon fure ana saura 'yan makonni?

Ɗayanmu ya ce a nemi izini kawai a tafi. Hujjarsa ita ce shekara 20 yana ba 'ya'yan mutane alli da maƙogwaronsa, bai taɓa ɗaukar ko mako ɗaya don kansa ba, kuma tafiyar nan sau ɗaya ce a rayuwa, in ba a ga Tokyo da Kyoto cikin fure ba me aka je yi? Ba mu ga laifinsa ba, don maganarsa akwai gaskiya a ciki. Muka kai maganar gaban hedimasta. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya ce, "Malamai, ni ba zan hana ku ba. Amma ku za ku shiga ajin ku faɗa musu da bakinku." Babu wanda ya amsa. Da muka fito, mai son tafiya a Maris ya ce a ba shi kasonsa na adashi, shi ya fasa. Mako 3 muna haɗuwa a ɗakin malamai ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa.

Wasiƙar malamar ce ta kashe wutar. Mun rubuta mata halin da ake ciki, sai ta amsa da abin da bai taɓa zuwa mana a rai ba. Ta ce in kun zo ƙarshen Maris ajin wa za ku gani? Shekarar karatu a Japan cikin Maris take ƙarewa, yara su tafi hutu, a buɗe sabuwa a farkon Afrilu. Watau lokacin da fure ya cika a Tokyo makarantu a rufe suke. Da mun bar namu ɗaliban, mun kashe kuɗin shekara da shekaru, mu je mu tarar da kujeru babu kowa. Ta ƙara da cewa furen ba ya buɗewa a ƙasar duka rana ɗaya. Daga kudu yake tasowa ya nufi arewa, daga kwari ya hau tudu, kamar yadda damina ke fara sauka a Kumasi kafin ta kai Bolgatanga. In ya zube a Tokyo a farkon Afrilu, a jihar Fukushima sai tsakiyar wata, a Hirosaki can arewa sai wajen ƙarshensa, a Sapporo kuwa har farkon Mayu. Hutunmu na ƙarshen zangon karatu na biyu a Afrilu yake faɗowa. Ta ce ku zo cikin hutunku, ku yi kwana 2 a makarantarmu kusa da Tokyo, sa'an nan mu bi furen arewa.

Da muka koma kan taswira muka ga sunan Fukushima, sai wani abu ya faɗo mana. Kowane ɗan Ghana da ya je makaranta ya san sunan Noguchi, ko don cibiyar binciken cututtuka da ke Legon, wadda aka buɗe a 1979 da sunansa. Hideyo Noguchi likita ne ɗan Japan da ya zo Akara binciken zazzaɓin shawara, cutar ta kama shi, ya rasu a nan ranar 21 ga Mayu 1928. Abin da ya zata shi ke kawo cutar ba shi ba ne, sai a 1937 aka samu allurar rigakafin da ake yi mana yanzu, mai katin nan ruwan ɗorawa. To, a Inawashiro aka haife shi a 1876, cikin jihar Fukushima, kuma gidan da aka haife shi yana nan an adana. Ɗan talakawa ne. Yana jariri ya faɗa murhu, hannunsa na hagu ya ƙone, yatsun suka manne. Wani malamin makaranta mai suna Kobayashi Sakae ne ya ga hazaƙarsa ya ɗauki nauyin ci gaban karatunsa, daga baya malamai da 'yan ajinsa suka yi karo-karo aka yi masa aiki a hannun. Murhun yana nan a gidan. Mu da muke bin iyaye gida-gida, ba ma bukatar a yi mana bayanin abin da ya sa muke son tsayawa a gabansa. Abokinmu da ya fasa, da ya ji wannan, bai ce komai ba, amma ƙarshen wata ya kawo zubinsa.

Yanzu shirin ya tsaya a kan kwana 10 a tsakiyar Afrilu. Daga Tokyo jirgin ƙasa mai sauri, Shinkansen, yana kai mutum Koriyama cikin kamar awa ɗaya da minti 20. Kusa da nan garin Miharu yake, inda akwai wata tsohuwar itaciyar sakura mai rassa a zube kamar ruwa na kwarara, wadda aka ce ta haura shekara 1,000. Gaba kuma akwai Aizu-Wakamatsu da tsohuwar fadarta mai kewaye da itatuwan. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne Inawashiro a kan tudu take, furenta yana makara. In shekarar ta yi sauri, abin da ya zube a kwari mu same shi a tudu. In ta yi nawa, akwai birnin Fukushima da ke riga su. Ba mu ce mun ɗaure furen da igiya ba, amma dai mun tare masa hanya biyu. Dole kuma mu fito kafin 29 ga Afrilu, ranar da dogon hutunsu ke farawa har zuwa 5 ga Mayu, don an ce a makon nan jirgi da masauki sai mai rabo. Kyoto kuwa mun haƙura da ita. Mutum kusan miliyan 37 ne suka ziyarci Japan a 2024, kuma da yawansu can suke nufa, ba za a ji rashinmu ba.

Maganar kuɗi ba za mu tsawaita ba, don mai karatu ya san ta. A 2022 da muka fara, sidi ya zube har muka ga abin da muke tarawa yana narkewa a hannunmu kamar ƙanƙara. A 2024 kuɗin Japan, yen, ya yi rauni har dala ɗaya ta wuce 160, a 2025 kuma sidi ya farfaɗo, sai muka ɗan samu numfashi. Babu jirgin da ke tashi daga Akara kai tsaye zuwa Tokyo, sai an sauya a Addis Ababa ko Dubai ko Doha ko Istanbul, tafiyar yini da kwana, kuma suna gabanmu da awa 9. Akwai wani tikitin jirgin ƙasa na baƙi da kowa ke ba da shawarar a saya, amma a Oktoba 2023 an ɗaga na mako ɗaya daga yen 29,650 zuwa 50,000. Da malamin lissafi ya buga, ya ga tafiyarmu ba ta kai ta mayar da kuɗin ba.

Kuskure ɗaya muka yi da muke so 'yan'uwa su kiyaye. Adashi ba ya da takarda. Mai neman biza ana bukatar ya nuna bayanin asusunsa na banki, da takardar wurin aiki, da jadawalin inda zai kwana kowace rana, in kuwa wurin wani zai je, da takardar gayyata da ta lamuni daga can. Mu kuɗinmu shekara 2 yana hannun uwar adashi, asusunmu kuwa albashi ya shiga yau, jibi ya fita. Da mun kwashi kuɗin mun zuba a banki rana ɗaya, duk mai dubawa zai ce aro ne. Wani ɗan'uwa ma'aikacin banki ne ya ankarar da mu, muka koma zubawa a asusu wata-wata. Wannan kaɗai ya ja mana jinkirin shekara guda. Ga kuma takardar izinin fita ƙasa daga ofishin ilimi, wadda ita ma tana da nata ƙafafun.

Matanmu sun fi damuwa da abin da za mu ci. An gaya mana romon taliyarsu sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma akwai wata giyar shinkafa da suke ɗan zubawa a girki, saboda haka malamar ta rubuto mana 'yar takarda da harshensu da za mu riƙa nunawa. Kifi da shinkafa da ƙwai dai ba za su gagara ba. An fara yi mana tanadin kilishi, sai muka ji doka ta hana shiga ƙasar da nama kowane iri, tarar kuwa mai nauyi ce, don haka gari da yaji kawai za mu riƙe. Zaman kallon furen ma yawanci da shaye-shaye ake yinsa a kan tabarmi, amma lambun Shinjuku Gyoen a Tokyo ba a shiga da giya, kuma akwai wasu irin sakura masu fure ninki-ninki a ciki da ke kaiwa bayan tsakiyar Afrilu. Juma'a ɗaya za ta same mu a Tokyo, za mu yi ta a babban masallacin da ke Yoyogi-Uehara, wanda aka sake ginawa a 2000. Sai dai a can mai salla yamma yake fuskanta, da ɗan karkata arewa. Mu da muka tashi alƙibla da gabas duk abu ɗaya ne a bakinmu, sai mun yi hattara. Rigunan sanyi kuwa mun riga mun zaɓo a gwanjo a Kejetia, mai sayarwa yana ta mamakin masu neman kwat mai nauyi a garin nan.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne wani dattijo a unguwarmu, abokin mahaifin ɗayanmu. Ya aika aka kira mu bayan la'asar, ya ce, "Malamai, itacen nan da za ku gani, me yake haifa?" Muka ce, "Baba, ba ya haifar abin da ake ci." Ya ce, "Inuwa fa?" Muka ce sai furen ya zube ganye ke fitowa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce kuɗin nan da ya yi rufin ɗaki, ko ya rage hanyar Makka. Ba mu yi masa gardama ba, don mu ma wannan tunani yakan hana mu barci, musamman in damina ta sauka kwano na yoyo. Muka dai ba shi labarin ajin da za mu gani, inda aka ce yara ke raba wa junansu abincin rana, su share makaranta malamansu na shara tare da su, ba a tsaye da bulala kamar mu ba. Muka ba shi labarin yaron da ya faɗa murhu da malamin da ya ɗauke shi. Ya ce, "To, wannan na ji. Furen ne dai ban gane ba." Muka ce, "Baba, mu ma sai mun gani." Ya ce mu taho masa da ƙwallon ya gwada a bayan gida. Da malamin kimiyya ya fara bayanin aure da sanyin da itacen ke bukata, sai ya ɗaga hannu ya ce ya isa, Allah ya kiyaye hanya.

'Yan aji uku mun shiga mun faɗa musu da bakinmu, kamar yadda hedimasta ya ce. Darussan hutu da za su rasa na kwana 10 mun raba su a ranakun Asabar daga Janairu zuwa Maris, jadawalin yana manne a jikin ƙofar ajin, kuma abokan aiki biyu sun yarda su riƙe su har mu dawo. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in kun je ba ku tarar da furen ba fa?" Muka ce to sai mu dawo mu faɗa muku ba mu tarar ba.

Kamfanonin da ke hasashen ranar buɗewar furen sai an shiga sabuwar shekara hasashensu ke fara kama ƙasa, kuma suna ta gyara shi har cikin Maris. Kuɗin jirgi kuwa ba ya jiran wannan, kullum hawa yake. Mun yanke shawarar da bizar ta fito za mu biya.